Aman Jini: Aikin Mai Jinya a Gida, a Hanya, da Asibiti

Idan mutum ya yi aman jini, gida yakan rikice. Mata su sa kuka, maƙwabta su cika ɗaki, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce a jiƙa kanwa, wani ya ruga neman madara. Can sai aman ya tsaya. Majinyaci ya kwanta shiru, ya ce ya ji dama. Kowa ya yi ajiyar zuciya, a ce bari a ga abin da gobe za ta yi.

Wannan jiran goben shi ke sa mu rasa mutanen da, da an kawo su da wuri, da sun koma gonakinsu. Tsayawar amai ba warkewa ba ce. Tumbin mutum kamar tulu yake, sai ya cika sannan ya tumbatsa. Jini yana iya ci gaba da tsiyaya a ciki sa'o'i da yawa ba ku gani ba. Wanda bai fito ta baki ba yakan bi hanji, ya fita a bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo, mai wari ƙwarai. Abin da kuka gani a ƙasa kaɗan ne daga abin da ya zuba.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Ku tuna da babbar gorar ruwan nan ta lita ɗaya da rabi da ake sayarwa a kanti. Jinin mutum duka bai wuce irinta uku da ɗan ƙari ba. In ya rasa cikin gora guda, ransa ya shiga hatsari.

Kafin a sami abin hawa

Ku kwantar da shi a gefensa, an fi so gefen hagu, bakinsa yana kallon ƙasa, gwiwar sama a lanƙwashe don kada ya mirgina. Kada ya kwanta rigingine. Wanda ya yi amai a rigingine, jinin yakan koma masa ta hanyar numfashi ya shiga huhu, ya shaƙe shi kafin ma rashin jinin ya taɓa shi. In akwai guda-gudan jini a bakinsa, ku naɗe tsumma mai tsabta a yatsa ku kwashe. In jiri yana ɗibarsa, ku tokare ƙafafunsa da matashi ko buhu su ɗan ɗaga. Kada ku bar shi ya tashi zuwa bayan gida da ƙafarsa ko da ya nace, gama a can mutane da yawa suke faɗuwa. Ku kawo masa fo ko tsohon kwano, ku kare shi da zane.

Kada a ba shi kome ta baki. Mun san wannan shi ne mafi wuya, domin zai yi ta roƙon ruwa, kuma hana mai ƙishirwa ruwa ba halinmu ba ne, balle a zafin Maris da Afrilu na Garwa. Amma ƙishirwar nan alama ce cewa jini ya ragu a jijiyoyinsa, kuma ruwan da zai sha ba zai kai inda ake bukatarsa da sauri ba. Sai dai ya cika tumbi, ya ta da sabon amai, yunƙurin aman kuma ya ɓalle ɗan gudan jinin da ya fara toshe ciwon. Ku jiƙa tsumma ku riƙa shafa masa a leɓe. Madara, kunu, kanwa, jiƙo, tsimi, ƙwayar magani, duk a dakata. Ko rubutu ne ko ruwan da aka yi wa addu'a, a ajiye sai likita ya ce ya iya sha. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta ana tafiya.

Ku rage mutane a ɗakin. Mutum biyu sun isa: ɗaya a wajen kansa yana yi masa magana a hankali, ɗaya yana kawar da amai. Sauran su fita neman mota da kuɗi da waɗanda za su raka ku.

Mai taɓa jinin ya sa safar hannu, in babu ya sa leda. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, kuma hannun manomi ba ya rasa tsaga. Inda jinin ya zuba, a kwara ruwan jabel, kofi ɗaya cikin kofi huɗu na ruwa, a bar shi ya ɗan jima kafin a goge, sannan a wanke hannu da sabulu. Amma kafin ku share, ku duba da kyau. Ja ne wur, ko baƙi-baƙi kamar jiƙaƙƙen garin kofi? Ya kai cikin kofi, ko kwano, ko ya fi? Sau nawa ya yi, da ƙarfe nawa ya fara? Mai waya ya ɗauki hoto. Wannan bayani ya fi mana amfani da a ce mana “ya yi da yawa”, domin jini kaɗan ma in ya bazu a tabarma yakan zama abin tsoro, mai yawa kuma ƙasa takan shanye shi.

Abu na ƙarshe kafin ku fita: ku tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da na kasuwa da na gargajiya, har da fankon kwalaye da ledoji, ku zuba a jaka ku taho da su. Kada ku ɓoye mana kome don kunya. Ba faɗa za mu yi ba.

Amai ne, ko tari?

Jinin da ya fito da tari daga huhu yake. Yakan zo ja mai kumfa, gauraye da majina, ga mutumin da ya daɗe yana tari, yana ramewa, yana zufa da dare. Wannan yakan zama tarin fuka, maganinsa kuwa kyauta ne a Kamaru. Jinin amai daga ciki yake, yakan zo da tashin zuciya, gauraye da abinci. Wani lokaci mutum ya yi haɓo da dare ya haɗiye jinin, da safe ya amayar da shi. Wani kuma zoɓo ya sha, wanda Fulani ke kira folere, aka firgita a banza. In kuna shakka, ku kawo shi. Gara mu duba mu ce zoɓo ne ku yi dariya ku koma gida.

A hanya

Ku nufi wurin da ake iya ƙarin jini. Ƙaramin asibitin ƙauye yana da amfani in a kan hanyarku yake, domin nas zai iya sa masa ƙarin ruwa ya rubuta muku takarda, amma kada ku kwana a can in babu jini. Mota ta fi, a kwantar da shi a gefensa a baya, mutum ɗaya yana riƙe da kansa. In babur kaɗai aka samu, a sa shi a tsakiya, mai ƙarfi ya zauna a bayansa ya rungume shi, kansa a sunkuye gaba. Da damina, musamman Agusta da Satumba, mayo yakan kawo ruwa ya tare hanya yini guda. In kun ga sararin ƙetarewa yanzu, ku ƙetare yanzu, ko da tsakar dare ne.

Ku riƙa duba shi. Ku ja fatar idonsa ta ƙasa: in cikinta ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Tafin hannu mai sanyi da zufa, numfashi da sauri, zuciya tana bugawa kamar ta tsuntsu, magana tana ruɗewa, duk alamu ne cewa lokaci ya ƙure. A wuyan hannu, bugun jinin babba mai lafiya yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. In ya wuce 100 alhali mutumin yana kwance, ku ce wa direba ya ƙara mai.

Daga ina jinin yake fitowa?

A ƙasarmu hanyoyi biyu ne suka fi yawa, ɗaya daga tumbi, ɗaya daga hanta.

Na tumbi shi ne gyambon ciki. Mai shi yakan daɗe yana jin zafi a ƙahon zuci, yana shan kanwa ko madara ya lafa, har ranar da gyambon ya ci ya kai ga jijiya. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982. Saboda haka ana warkar da shi da magunguna na kwana 10 zuwa 14, ba sai mutum ya zauna da shi har tsufa ba. Amma abin da ya fi damunmu a nan shi ne ƙwayoyin ciwon jiki. Lokacin noma da lokacin tsinkar auduga, mutum ya dawo jiki duk ya yi tsami, ya tsaya wurin mai tebur a kasuwar Pitowa ko Ngong ko Gidar, a ƙulla masa haɗi a leda: diclofenac, ibuprofen, aspirin, wani lokaci har da ƙwayar sa ƙiba irin su dexamethasone. Ya haɗiye da safe ciki ba kome, kullum, wata da watanni. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe ciwo da gaske, shi ya sa ake son su, amma suna cinye fatar da ke kare tumbi. Kuma da yake suna kashe ciwo, mutum ba ya jin gyambon yana girma. Tsofaffi masu ciwon gwiwa da ciwon baya su suka fi faɗawa wannan rami.

Na hanta ya fi ban tsoro, domin ba ya sallama. Mutum yana zaune lafiya, ba ciwon ciki, sai jini ya ɓalle cikin kwano. Ga yadda abin yake. Duk jinin da ya zagaya hanji sai ya bi wata babbar jijiya ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. In hanta ta taurare, hanya ta ƙuntata, jinin ya taru a baya. Wanda ya taɓa ban ruwa a gonar shinkafa ya san abin da ke faruwa in aka toshe babbar hanyar ruwa: ruwan ya nemi ƙananan kwalbatoci, ya cika su, ya fasa wadda ta fi rauni. A jikin mutum, wadda ta fi rauni tana ƙasan maƙoshi, daidai inda abinci ke shiga tumbi. Jijiyoyin wurin sukan kumbura, fatarsu ta yi siriri, wata rana su fashe. Saifa ma takan kumbura saboda wannan taruwar jinin. Sau da yawa in muka buɗe rigar majinyaci mukan ga tsagar wanzami a gefen hagu na cikinsa, mu gane cewa saifar ta yi shekaru tana ba da labari.

Me ke taurara hanta? Na farko tsargiya. Kowa ya san tsargiyar fitsari, wadda yara maza ke fitsarin jini da ita. Tana da 'yar'uwa, tsargiyar hanji, wadda ba ta nuna kanta haka. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851. Tsutsar tana girma a cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai su. Ta zauna shekaru a jijiyoyin hanji tana zuba ƙwai, jini yana kwasar ƙwan yana kai wa hanta, kowane ƙwai ya bar ɗan tabo. Yaron da ya yi ta iyo yana ɗan shekara 10 yana iya yin aman jini yana da 25 ko 30, da mata da 'ya'ya. Tun da aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai a 1982, dubban mutane suka taru a bakin tafkin da gonakin shinkafa na ƙasan madatsar. Kifi da shinkafa alheri ne, ba wanda zai ce a bar su. Amma masunta da masu ban ruwa da matan da ke wanki a hanyoyin ruwa su sani suna cikin waɗanda ya kamata su riƙa shan maganin tsargiya. Sunansa praziquantel, shi ne wanda ake raba wa yara a makarantu bayan an auna tsayinsu da sanda. Yaran da ba sa zuwa makaranta, da manya masu aiki a ruwa, su ne ake yawan tsallakewa. Ku tambaya a asibitin da ke kusa da ku.

Akwai abin ƙarfafa zuciya a nan. Wanda tsargiya ce ta taurara masa hanta, sau da yawa hantar tana nan tana aikinta, hanyar jinin ce kawai ta ƙuntata. Irin wannan in ya sami jini a kan kari yakan tashi sarai.

Na biyu ciwon hanta mai suna B. Kusan babba 1 cikin 10 a Kamaru yana ɗauke da ƙwayarsa, a nan arewa ma yakan fi haka, kuma yawancinsu ba su sani ba, domin tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka. An sa rigakafinsa cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2005, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan ya kamata ya yi gwaji. Na uku giya, ko bilbil ce ko arge ko ta kwalba. In giya ta haɗu da ciwon hanta B a jiki ɗaya, lalacewar takan yi sauri.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ba mu so ku manta. In maciji ya sari mutum jiya ko shekaranjiya, yau kuma ga jini a dasashi ko a amai ko a fitsari, to kububuwa ce, wadda ake yi wa kirari da gobe-da-nisa. Kwarin Binuwai gidanta ne. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma ƙarin jini kaɗai ba ya isa sai an yi allurar kashe dafi. Ku faɗa mana tun a ƙofa. Haka kuma in aman jini ya zo da zazzaɓi mai zafi da idanu rawaya, ko mutum fiye da ɗaya suka kwanta da irin ciwon a gida ɗaya, ku sanar da mu kafin ku shigo da shi cikin jama'a. Zazzaɓin shawara ya ɓulla a yankunan Gidar, Bibemi, Gashiga da Lagdo a ƙarshen 2011, zazzaɓin Lassa kuma yana nan a ƙetaren iyaka, a Nijeriya.

A ɗakin jinya

Da kun iso, za ku ga nas ya sa masa allurar ƙarin ruwa mai kauri, sau da yawa a hannu biyu, ya ɗibi jini don awo. Zai riƙa auna bugun jini da ƙarfinsa kowane minti 15 da fari, sannan a riƙa tsawaitawa in ya daidaita. Kada ku ce ana damunsa da awo, ba a bar shi ya yi barci ba. Da wannan awon ne muke ganin zubar da ido ba ya gani. Awon farko na yawan jini wani lokaci yakan fito da kyau alhali mutum ya zubar da mai yawa, sai bayan sa'o'i gaskiyar ta bayyana, shi ya sa muke maimaitawa. Ba neman kuɗinku ba ne.

Za a yi masa allurar rage tsamin ciki, irin su omeprazole. Mai ciwon hanta za a ƙara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wani ruwa mai zaƙi mai sa zawo, don a fitar da tsohon jinin da ya kwanta a hanji. Akwai kuma na'ura mai kama da siririyar igiya da fitila a kanta, wadda ake zurawa ta baki a ga inda jinin ke fita, har a ɗaure jijiyar da ɗan zoben roba. Ba kowane asibiti ke da ita ba. In muka ce a wuce babban asibiti a Garwa ko Marwa ko Ngaundere, ba korarku muke yi ba, kuma sai mun ga zai iya jure tafiyar za mu ce a tafi.

Ke mai jinya, ko kai mai jinya, ga naku aikin, kuma ba ƙarami ba ne, domin nas ɗaya yana da gadaje da yawa, ku kuwa gado ɗaya gare ku. Kada ku zubar da amai ko bayan gida ko fitsari sai nas ya gani. Fitsari yana gaya mana ko jini yana kai wa ƙoda: in ya yi sa'a 6 bai yi ba, ku faɗa. Ku riƙa kurkure masa baki da ruwa ya tofar, gama ɗanɗanon tsohon jini kansa yana ta da zuciya. Ku sauya zanen da ya ɓaci nan da nan, ganin jini yana karya zuciyar majinyaci. Ku juya shi daga wannan gefe zuwa wancan kowace sa'a 2 in ba ya iya juyawa da kansa. Kada ku taɓa abin daidaita ɗigon ruwa ko na jini. Mun san wasu sukan buɗe shi da dare don ya ƙare da wuri, wannan kuwa yana iya cika huhu da ruwa, ko ya sake fasa jijiyar da ta fara rufewa.

In ana ƙara masa jini, ku zauna kusa, musamman minti 15 na farko. In ya fara rawar sanyi, ko ƙaiƙayi, ko ciwon baya, ko numfashi ya yi masa wuya, ku kira nas da gudu.

Mai ciwon hanta kuma ku lura da hankalinsa. In ya fara barci da rana yana farkawa da dare, yana magana ba kan gado, ko ya kasa gane matarsa, ko hannuwansa suna karkarwa in ya miƙe su, ba iskoki ba ne, ba kuma hauka ba ne. Jinin da ya ruɓe a hanji ne ya zama guba, hanta ta kasa tacewa, ta hau masa kai. Yana da magani in an faɗa da wuri. A nan ne dangi sukan ce ciwon ba na asibiti ba ne, su nemi a ba su shi su tafi gida, daidai lokacin da ya fi bukatar zama.

Masu kawo gaisuwa su yi haƙuri su tsaya a waje, su shigo bi da bi. Kwanon tuwo da suka kawo, mai jinya ya ci. Majinyaci sai likita ya ba da izini, a fara da ruwa kaɗan-kaɗan, sannan kunu mai ruwa, sannan abinci mai laushi.

Maganar jini

A nan muke so mu daɗe, domin a nan ake yawan rasa rai. Ƙarin ruwa yana riƙe mutum na ɗan lokaci, amma ruwa ba ya zama jini. Ba kowa ake ƙara wa jini ba. Yawanci sai awo ya sauka ƙasa da 7, alhali na mai lafiya yakan kai 12 ko fiye, ko kuwa in zubar ta ƙi tsayawa. Amma in bukatar ta zo, ta sa'ar nan ce. Jini kuwa ba a ƙera shi a masana'anta, ba a sayo shi daga Turai. Daga hannun mutum yake fitowa. Abin da ke cikin firjin asibiti kaɗan ne, wata rana ma babu irin nasa.

Abin da muke gani kullum shi ne a kawo majinyaci da tsohuwar uwarsa da matarsa mai goyo, ba wanda za a iya ɗibar jininsa a cikinsu. Sai a fara buga waya ƙauye, 'yan'uwa maza su ce sai gari ya waye. Saboda haka tun kuna neman mota, ku nemi mutum 4 ko 5 masu lafiya su biyo ku. Me ya sa da yawa haka? Domin jini iri-iri ne, A da B da AB da O, ba kowane ke dacewa da kowa ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Kuma kowane jini sai an gwada shi don ƙanjamau da ciwon hanta B da C da tunjere. A cikin mutum biyar, ba abin mamaki ba ne a ajiye ɗaya ko biyu.

Mai ba da jini ya kasance ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, ba ya zazzaɓi, in mace ce ba ta da ciki kuma ba ta shayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, bai cika ƙaramar gorar ruwa ba. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa, ba ya hana noma. Wanda aka ƙara wa jini ba ya ɗaukar halin mai jinin ko addininsa. Jinin Bafulatani yana zama lafiya a jikin Bafali, na Kirista a jikin Musulmi. Kuɗin da ake biya na leda ne da gwaje-gwaje.

Mun san abin da ke hana wasu ba tsoron allura ba ne, tsoron sakamakon gwaji ne. Sakamakon naka ne kai kaɗai, a keɓe za a gaya maka, danginka za su ji kawai cewa jinin bai dace ba. Kuma wanda ya gano yana da ciwon hanta B a ranar da ya zo taimakon ɗan'uwansa, ya sami damar da ɗan'uwan bai samu ba, domin akwai maganin da ke danne ƙwayar kafin hanta ta taurare.

Dattawan ikkilisiya, shugabannin zumuntar mata da na matasa, da limamai da masu unguwa, ga abin da za ku iya yi tun ba wanda ya kwanta. Ku tara matasa masu niyya su zo a gwada irin jininsu. A rubuta sunayensu da lambobin wayarsu a littafi ɗaya, a ajiye wurin mutum biyu da kowa ya sani. A san mai mota ko mai babur da za a iya tasa da dare, a kuma ware ɗan kuɗin mai a asusu. Namiji yana iya ba da jini kowane wata 3, mace kowane wata 4.

Kada a yi gaggawar sallama

Kwana 3 zuwa 5 na farko su ne jini ya fi yawan sake ɓallewa. Majinyaci zai ce ya warke, ga gero a gona, ga kuɗin gado yana hawa. Ku taya mu lallashinsa. Bayan gida zai ci gaba da fita baƙi na 'yan kwanaki, tsohon jini ne ke fita. In an ba shi ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo da wari irin na jini.

In ya koma gida, shi da ƙwayoyin ciwon jiki na kasuwa sun rabu har abada. In jiki ya yi ciwo, paracetamol ya isa, a ƙa'idar da aka gaya masa, mai ciwon hanta kuma ya tambayi adadin da ya dace da shi. Duk inda za a rubuta masa magani nan gaba, ya fara cewa ya taɓa aman jini. Giya da taba a bar su. Mai gyambon ciki ya shanye maganinsa har ƙarshe ko da zafin ya tafi a kwana na uku. Mai kumburin jijiyoyi da aka ba propranolol ya riƙa sha kullum, kada ya daina don ya ji lafiya, gama aikin ƙwayar shi ne rage matsin jinin don kada jijiyar ta sake fashewa. Maganar azumi, na Ramadan ko na kafin Ista, a zo a yi shawara da likita tukuna. Abinci ya ci wake, gyaɗa, kifi, ƙwai, zogale da sauran ganye, don jini ya dawo.

In an gano ciwon hanta B ne, matarsa da 'ya'yansa da waɗanda suke uwa ɗaya su zo gwaji, wanda bai ɗauka ba a yi masa rigakafi. In tsargiya ce, duk wanda ke shiga ruwa ɗaya da shi ya sha magani. Takardar sallama kuma, wadda aka rubuta irin jininsa a kai, a sa ta a leda a ajiye inda kowa a gidan ya sani, ranar komawa awo a zo da ita.